Kuɗin Gari na Ƙaruwa, Hidimar Gari na Mutuwa

Akwai wata ɓarna da ke cin biranenmu a hankali, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mun fara sabawa da ita. Kowace shekara gwamna zai shiga majalisar dokoki da kundin kasafin kuɗi, a karanto biliyoyin da suka zarce na bara, a tafa, a sa hannu. Kowace shekara kuma mutumin Kurna da na Sheka da na Rijiyar Zaki a Kano sai ya ƙara zaro kuɗi daga aljihunsa ya sayi abin da aka ce kasafin nan zai yi masa. Ruwa ya saya a jarka. Shara ya biya yaro ya kwashe. Kwata ta cike, ya haɗa kuɗi da maƙwabta a yashe. Makarantar gwamnati ta cushe, ya kai 'ya'yansa ta kuɗi. Zuwa wurin aiki da dawowa kuwa, abin da mai Adaidaita Sahu ya yanke masa shi zai biya. Magidanci ya zama ƙaramar hukumar kansa, alhali akwai wata ƙaramar hukumar da ake turo wa kuɗi da sunansa duk wata.

Da Kano zan kafa hujja, domin ita ce babbar alƙaryarmu, kuma abin da ya same ta yau shi ke samun sauran gobe. Amma wanda ke Kaduna ko Sakkwato ko Gusau ko Bauci ya duba garinsu, zai ga alamun cutar.

Mu fara da abin hawa, don a nan ne raunin ya fi fitowa fili. Kano birni ne na miliyoyin mutane, ya bazu cikin ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, yanzu ma ya malala zuwa Dawakin Kudu da Gezawa. Duk wannan jama'a, me ke ɗaukar ta? Keke mai ƙafa uku. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da Adaidaita Sahu, da nufin raba mata da hawa babur a bayan namiji. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai nauyin birnin gaba ɗaya ya dawo kansa. Ƙananan motocin bas na haya da tasi da aka sani a da suka yi ta ja da baya har suka kusa ɓacewa. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Haka nan ta faru, aka bar ta a haka.

Duk wanda yake shakka kan haɗarin da ke cikin wannan, ya tuna yajin aikin 'yan Adaidaita Sahu na watan Fabrairun 2021, kan harajin naira 100 na kullum, da wanda suka sake yi a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta lasisi. Gari ya tsaya cak. Ɗalibai sun taka a ƙasa daga unguwanni masu nisa, ma'aikata sun isa ofis rana tsaka, mata da goyo sun ɗare bayan a-kori-kura. A waɗannan kwanaki hukuma ba ta da motocin da za ta fito da su ta ce wa jama'a ga madadi. Birnin da ake taƙama da shi a matsayin cibiyar kasuwancin Arewa, ashe motsinsa na hannun samarin da su kansu yawancinsu ba su mallaki keken ba, balas suke kaiwa kowace yamma.

Ba na ganin laifin yaran nan. Mai ya tashi, kayan gyara sun tashi, mai keke na jiran balas, jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA na bakin shataletale, gida kuma ana jiran cefane. Ta ina zai yi wa fasinja sauƙi? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka yi shelar cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. A ce ma'aikaci yana karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, a ce kuma zuwa da dawowa na cin masa naira 1,000 kullum, wanda ga na nesa ma an yi ragi. A kwana 22 na aiki naira 22,000 ta tafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, bai sayi ko kwanon masara ba. In yana da 'ya'ya uku masu hawa mota zuwa makaranta, lissafin ya rushe. A irin wannan gida ne ake cewa yarinya ta haƙura da zuwa yau, gobe ma a ce ta haƙura, har a wayi gari ta bar karatu ba tare da wani ya taɓa yanke shawarar cire ta ba.

To, ina kuɗin da aka ce an yi tsiminsu daga tallafin? An ce jihohi da ƙananan hukumomi za su samu ƙari, kuma sun samu. Kason da ake rabawa duk wata a Abuja ya ƙaru sosai a lissafin naira. Na san darajar naira ta faɗi, na san siminti da ƙarfe sun yi tsada, kuma ban raina wannan uzuri ba. Sai dai uzurin ya fi ƙarfi a bakin talaka, wanda aka ɗebe kuɗin daga jikinsa kai tsaye. Wanda ya biya farashin cire tallafi a gidan mai da a cikin keke, shi ya fi cancanta a fara mayar wa da wani abu ta hanyar da aka karɓa, wato abin hawa mai rahusa wanda zai dogara da shi kullum. Abin da muka fi gani shi ne rabon buhun shinkafa da taliya na yini guda, a gaban 'yan jarida.

Za a ce ai an sayo motoci. Gaskiya ne, kuma a nan ne ɓarnar take ɓuya. A ƙarshen 2022 an ƙaddamar da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, har aka yi yunƙurin hana Adaidaita Sahu bin wasu manyan tituna, aka janye da jama'a suka yi ca. Kafin nan, a 2016, an sanar da yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari ta kusan dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, shekaru suka shuɗe Bakano bai hau ba. A Abuja an buɗe nasu jirgin a watan Yulin 2018 da kuɗin rance, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai sake motsi ba sai Mayun 2024, ana ta biyan bashin abin da ke ajiye. Ku zaga harabar kamfanonin sufurin jihohi ku ƙirga motocin da ke kan duwatsu, tayoyi sun zagwanye, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Kowace akwai ranar da aka yanka mata ƙyalle da kiɗa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sayen mota kwangila ce, ana yin ta sau ɗaya, akwai hoto, akwai riba ga mai kawowa. Tafiyar da ita kuwa aiki ne na kullum wanda ba ya ƙarewa: mai, juye, taya, birki, albashin direba da kwandasta, makaniken da zai kwana a gareji, da amintaccen da zai hana kuɗin tikiti zurarewa. Wannan ɓangare ba ya fitowa a allon talla, shi ya sa a kasafi ake tsuke shi, ko a rubuta a ƙi sakin kuɗin. Mota ta yi wata shida tana aiki, ta lalace, a ciro kayanta a gyara 'yar'uwarta, ita ma ta bi sahu. Sabuwar gwamnati ta zo ta ce na baya sun kasa, ta sayo nata da sabon fenti. Gina rijiya ake yi kowace shekara ba a taɓa sayen guga ba.

Akwai kuma wata ruɗaɗɗiyar fahimta da ya kamata a kawar, wadda ke cewa dole motar gwamnati ta ciyar da kanta, in ba ta kawo riba ba to asara ce. A manyan biranen duniya da ake yabon sufurinsu, da wuya kuɗin tikiti kaɗai ya ɗauki nauyin tafiyar da bas da jirgi. Hukuma ke cike giɓin, da saninta, da tanadi. A Faransa tun 1971 aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris wani haraji na musamman da ke tafiya kai tsaye ga sufurin jama'a, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran birane, bisa hujjar cewa mai kamfani ma yana amfana idan ma'aikacinsa ya iso da wuri. A nan gida, Legas ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA tun farkon shekarun 2000, ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, gwamnoni suka canja tsarin bai mutu ba. Shi ya sa da aka cire tallafi a 2023 ta iya rage rabin kuɗin motocinta na wani lokaci, domin tana da abin da za ta rage ɗin. Borno, da duk yaƙin da ta sha, ta zuba motoci masu rahusa a Maiduguri. Ba a bukatar dabo. Ana bukatar layi a cikin kasafi da ke cewa ga abin da za a kashe kowane wata don bas ta yi ta zirga-zirga tsakanin Bata da Janguza a nan Kano, a kuma saki kuɗin.

Ku dubi inda manyan kuɗin ke zuwa. Gadar Ƙofar Nasarawa, Gadar Lado, ta Dangi, ta Hotoro, sannan Ɗan'agundi da Tal'udu. Ban ce dukkansu ba su da amfani ba, wasu sun warware cunkoso na gaske. Amma gada tana yi wa mai mota hidima ne fiye da kowa, kuma mafi yawan mutanen birnin nan ba su da mota. Gwamna bayan gwamna, jam'iyya bayan jam'iyya, kowa na son a ce ga tasa. Mu ma 'yan gari mun taya, don da gada muke auna shugaba, muna gardama a rediyo kan wa ya fi wani yawan siminti. Mai mulki yana jin abin da ake tafa wa. In gada ake tafa wa, gada zai yi ta yi, ko da matar da ke tsaye a ƙarƙashinta ta yi awa guda da mara lafiya a kafaɗa tana neman abin hawa.

Abin takaici, garin nan ya san wani abu dabam. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano da kuɗin baitulmalinta ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kawo lantarki, a farkon shekarun 1930. Ba ina wanke En'e ba ne. Iyayenmu sun ba da labarin azabar haraji da jangali, kuma kan wannan zalunci 'yan jam'iyyar NEPU suka sha ɗauri, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su. Amma a wancan lokaci, da ɗan abin da ake tarawa, an iya sa ruwa ya zubo a famfo. Yau ga madatsar Tiga, ga ta Challawa, ga matatun Tamburawa da Watari, ga biliyoyi, amma unguwanni da yawa yaran da aka haifa cikinsu ba su taɓa ganin famfon gidansu ya kawo ruwa ba. 'Yan garuwa ke shayar da gari da kura. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, maƙwabcinsa ma ya haƙa, kowa na zuƙar ƙasa ba mai lissafi, rijiyoyin gargajiya na ƙafewa.

Shara da magudanan ruwa ma haka. Bola ta cinye gefen titi, leda ta toshe kwalbati, an yi gini a kan hanyar ruwa da takardar izini a hannu. Da damina ta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa, a kasuwar da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari. Kuɗin da yasar kwata zai ci bai kai ko kusa da abin da aka rasa a yini guda ba. A fannin lafiya kuwa, annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta fi yi wa Kano illa fiye da kowace jiha, cutar da allurar rigakafi ta yau da kullum ke karewa. Wannan allura a ƙaramin asibitin unguwa ake yin ta, asibitin da ba firij mai aiki, ba ma'aikaci isasshe, wanda uwa sai ta biya kuɗin keke kafin ta kai jaririnta.

Duk waɗannan, wa doka ta ɗora wa? Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, titunan unguwa da magudanansu, kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya. An ware wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Kano ce ke da mafi yawa, 44. Sai dai sashe na 162 ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma ta wannan ƙofa aka yi shekaru ana shaƙe su a faɗin ƙasar. A biya albashi, a cire na ayyukan haɗin gwiwa, a miƙa wa ciyaman ko kantoma ragowa. Shi kuma ya san wanda ya ɗora shi, don haka fuskarsa na kallon gidan gwamnati, ƙeyarsa na kallon jama'a. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura kuɗin kai tsaye, kuma ba halal ba ne a naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aka yi murna, sannan aka shiga jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Ina gargaɗin masu ganin hukuncin nan shi ne ƙarshen matsala. Kuɗin da ya tsira daga hannun gwamna zai iya narkewa a hannun ciyaman, in babu idon da ke kansa. Sakatariyar da ba ta cika sai ranar da kaso ya shigo, ba za ta gyaru don lambar asusu ta canja ba. In ba mu koyi tambaya ba, ɓarnar za ta rarrabu ne gida 44.

A nan maganar ta dawo kanmu, kuma ba zan sassauta ba. Mun mayar da kansila da ɗan majalisa wurin kai katin biki da takardar asibiti. Mun daina tambayarsu me aka sa wa mazaɓarmu a kasafi, muna tambayarsu me suka kawo mana. Wanda ka karɓi dubu biyar a hannunsa a zaure ba za ka iya ɗaga murya ka tambaye shi kuɗin kwalbati ba, kuma ya san haka, shi ya sa ya ba ka. Ana kiran abin tallafi ko ƙarfafa matasa: a raba keken ɗinki, a raba baro, a raba babur ga 'yan jam'iyya, washegari rabinsu na kasuwa. Da kuɗin jama'a aka saya, an raba wa ɗari, an hana dubu ɗari. Masu hali kuma, waɗanda muryarsu ke isa sama, sun janye jikinsu. Da sola a rufi, da burtsatse a tsakar gida, da mota a gareji, da asibitin kuɗi, ba su da sauran abin nema wurin hukuma, sai su yi shiru. Malaman jami'a, manyan 'yan kasuwa, lauyoyi, likitoci, shirunku na cikin abin da ke kashe garin nan. Katangar gidanku ba ta hana sauro daga kwatar da ke bayanta, ba ta hana amai da gudawa shigowa ta hannun mai aiki.

Ku kuma masu riƙe da mulki, ku ji tsoron Allah. Dukiyar nan amana ce, kuma za a tambaye ku kanta naira bayan naira, a ranar da ba mai magana da yawun kowa. Ko a nan duniya ma alamu sun bayyana. Abin da ya faru a Kano ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama fashe-fashe da wawaso har aka sa dokar hana fita, ya isa ya hana mai tunani barci. Ba na goyon bayan ɓarna, kuma waɗanda aka wawashe dukiyarsu an zalunce su. Amma ku dubi shekarun yaran da suka cika titi a ranar. Sun tashi ba su taɓa ganin hukuma ta kawo musu ruwa ko mota ko magani ba, sun san ta ne kawai a wurin kame da tara. Yaron da bai ga rabonsa a cikin gari ba, ba zai ji ciwon ƙona shi ba. Adadinsu ƙaruwa yake yi kowace shekara.

Malamanmu na mumbari, ku ma akwai hakki a kanku. Ana wa'azi a kan tauye mudu a kasuwa, kuma daidai ne. Rubuta miliyoyi don gyaran asibiti a ƙi gyarawa shi ma tauye mudu ne, wanda ke cin rayuka. Ku faɗe shi da sunansa, ko da wanda ya gina masallacin yana sahun gaba.

Hanyar bin diddigi ba a rufe take ba. Tun da aka shigo da shirin Bankin Duniya na 2018 da ya riƙa saka wa jihohi kan bayyana lissafinsu, kasafin jihohi da rahoton abin da aka kashe duk wata uku suna hawa intanet. Abin da aka tura wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011. Ƙungiyoyi irin su BudgIT suna sauƙaƙa alƙaluman. Majalisa na kiran zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta amince da kasafi, sau da yawa kujeru wayam, sai 'yan ƙalilan da aka gayyato. Kowace unguwa na da ƙungiyar ci gaba, tana da matasa masu digiri da ke zaune, tana da mai unguwa da limami. Mutum biyar sun isa su zazzage kasafin, su nemo sunan mazaɓarsu, su fassara shi da Hausa, su manna a ƙofar masallaci: ga abin da aka rubuta, ga abin da aka saki, ga abin da ido ya gani. Gidajen rediyon Kano da jama'a ke kwana suna saurare su rage wa sojojin baka lokaci, su ba irin wannan lissafi ko da rabin awa a mako.

Idan lokacin kasafi ya zo, kada a tafi da roƙo, a tafi da tambaya a rubuce. Motocin da aka saya da kuɗinmu, nawa ne ke kan titi yau, sauran suna ina? Nawa aka ware don mai da gyaransu na wata goma sha biyu, nawa aka saki bara? Harajin da ake karɓa daga 'yan Adaidaita Sahu da tashoshi da kasuwanni, nawa ya taru, wane asusu ya shiga, me ya dawo wa fasinja? Nawa aka sa wa sayen motocin jami'ai da tafiye-tafiyensu, nawa aka sa wa sinadarin tace ruwa da wutar injinan Tamburawa? A nemi amsa a rubuce, da sa hannu da kwanan wata, a karanta ta a taron unguwa. Wanda ya ƙi amsawa a rubuta sunansa da ranar da aka kai masa takarda, a ajiye har ya dawo neman ƙuri'a.